Ba Zan Cire Shi Ba

Lahadi, da hantsi

Rubutuna ya fito jiya a shafin jaridar na intanet. Edita bai taɓa ko wasali ɗaya ba, kan maganar kawai ya canza. Ni na sa "Ni da Buhu", shi ya mayar da shi "Yadda Dambe Ya Mayar da Ni Namiji". Ban faɗi haka a ko'ina cikin rubutun ba. Na kira shi, ya ce in bar masa, shi ya san abin da mutane ke dannawa. Tare muka yi aiki a maɗaba'a kafin a rufe ta, ni ina gyaran kurakurai, shi yana tsara shafi, don haka na ƙyale shi.

Abin da na rubuta ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Na ce an rufe maɗaba'a, na zauna a gida. Na ce matata, wadda nas ce, ita ke riƙe da gidan. Na ce ni ke yi wa Baba wanka, ni ke canza masa kunzugu tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Na ce da furfura a gemuna na shiga wani tsohon sito inda ake koyar da damben safar hannu, na daki buhu har na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma tun daga ranar nake da dalilin tashi da safe. A tsakiya akwai wani sakin layi game da ranar da na hau saman benen maɗaba'ar bayan an rufe ta, na tsaya a baki, na daɗe, sannan na sauko.

Shi ke nan. Ina alfahari da shi.

Litinin, da rana

An fara. Wani mai kiran kansa Zakin Maza ya ce ni mijin-ta-ce ne, in cire safar dambe in ɗaura zani. Bai iya rubuta "ɗaura" ba, "daura" ya sa, har hannuna ya yi ƙaiƙayi in gyara masa. Wani ya ce namiji ba ya kuka, idan kuma ya yi ba ya kai wa jarida. Wata mai dogon Turanci a cikin Hausarta ta ce dambe dabbanci ne, na musanya wani ciwo da wani, kuma maza ba za su warke ba sai sun daina neman abin duka. Wani ya ce raunin imani ne kawai, ya yi min addu'a mai kama da zagi.

Masu yabon sun fi ba ni haushi. Suna cewa na nuna wa mata maza sun farka. Waɗanne matan? Wadda take ciyar da ni?

Duk cikinsu ba wanda ya taɓa ɗaga ubansa daga gado.

Talata, da safe

Matata, Maman 'yan biyu, ta dawo daga aiki jiya ta gaishe ni kamar baƙon da ya zo karanta mitar wuta. Ta kwana a ɗakin yara. Suna makarantar kwana, ɗakin ba kowa, ta ce ya fi iska.

Ba zan yi rubutu a kan wannan ba.

Laraba, da yamma

Na je aski. Tun daga bakin ƙofa na ji shagon ya yi shiru, na san ni ake ci. Mai aski ya ɗaura min ƙyalle a wuya, ya yi rabin kan, sannan ya kasa daurewa, ya ajiye inji ya ɗauko waya yana karanta wa mutane abin da aka ce a kaina. Suka kama gardama kamar ba na wurin. Wani mai sayar da tayoyi ya ce shi bai ga laifin damben ba, kukan ne matsala. Wani tsoho ya ce shi bai ga laifin kukan ba, damben ne matsala, mutum da shekarunsa ya tuɓe riga a gaban yara. Mai aski ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali ko da gaske na yi kukan, ko dai ƙarin gishiri ne irin na marubuta.

"Har da majina," na ce masa. "Ƙarasa min kaina."

Ya ƙarasa. Ya ɗan yanke ni a bayan kunne, ya ba ni haƙuri fiye da yadda yankan ya kai.

Alhamis, da hantsi

Ta bar min abinci a rufe, ta tafi aiki kafin in gama da Baba. Gishirin ya yi daidai. Komai ya yi daidai.

Asabar, da yamma

Yaya ya zo. Bai zauna ba. Ya ce na tona mana asiri, abokan kasuwancinsa suna tura masa rubutun, suna tambaya ko ƙaninsa ya taɓu. Ya ce ubanmu da ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa a waje ba, yau duniya ta san yana sa kunzugu. Na ce ban faɗi sunan kowa ba. Ya ce duk wanda ya san mu ya gane. Ya ce in kira Edita yanzu a gabansa a cire.

Na ce ba zan cire ba.

Sai ya ce to bari mai gidan ya yanke hukunci. Ya shiga ɗakin Baba, ya jawo kujera, ya fara karanta masa daga farko. Ina tsaye a bakin ƙofa. Baba yana kwance, idonsa a kan silin, bakinsa a karkace kamar kullum. Da Yaya ya iso wancan sakin layin sai ya yi tari, ya tsallake. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya daki gefen gado. Maganarsa ba ta fita sosai tun ciwon, amma mu mun iya jin ta. Cewa ya yi a karanta duka, ya ji an yi tsalle. Yaya ya koma ya karanta da sauri, kamar mai gudu a kan garwashi.

Da aka gama Baba bai ce a cire ba, bai ce a bari ba. Ya juya fuskarsa bango.

Lahadi, da safe

Na kai ruwan wanka. Ya ture hannuna. Na sake miƙawa, ya sake turewa, ya ce a kira masa babban ɗansa.

Na ajiye bokitin na fita. Ruwan ya huce a wurin.

Litinin, da rana

Yaya ya zo da farar riga mai guga, ya naɗe hannuwa, ya shiga. Na tsaya a bayan ƙofa ina ji. Bai san ana fara sa hannu ta ƙarƙashin kafaɗar da ta mutu ba, bai san Baba ba ya son ruwa ya taɓa masa kunne ba. Na ji Baba ya yi nishi, na kama mariƙin ƙofar, na sake shi. Ba a kira ni ba.

Da ya fito rigar ta jiƙe har ciki. Ya daɗe yana wanke hannu a famfo. Ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko kullum haka ne. Na ce kullum, safe da yamma. Ya kashe famfon. Sannan ya ce da na faɗo daga benen nan, da wane baki zai shiga ɗakin nan ya faɗa wa tsohon? Ya juya ya nufi waje. A bakin mota ya juyo ya ce duk da haka in cire.

Ba zan cire ba.

Laraba, da yamma

A sito an cika. Rubutun ya jawo sababbin mutane, yawancinsu sun zo ne a mayar da su maza kafin ƙarshen wata. Koci ya ba su igiya ya ce su yi tsalle. Kafin a gama ɗumama jiki rabinsu sun tuna suna da wani uzuri.

Koci ya girme ni a dambe, na girme shi a shekaru, shi ya sa yake ce min Kawu. Ya ce ya karanta, kuma bai ji daɗin inda na ce ya cece ni ba. Shi bai ceci kowa ba, buhu kawai ya rataya.

Ya haɗa ni gwada hannu da Direba, wani mai tasi sa'ana, mutumin da bai taɓa ɓata min rai ba. Turmin farko lafiya. A na biyu ban san abin da ya hau kaina ba. Na matsa shi jikin igiya ina kai masa ta ko'ina, yana karewa yana kallona da mamaki ta tsakanin safarsa. Koci ya shiga tsakani, ya riƙe min hannu, ya kwance min safar da kansa.

"Kawu, wannan ba shi ne Zakin Maza ba," ya ce. "Je gida. Kada in gan ka sai wani makon."

Na ba Direba haƙuri. Ya ce ba komai, fasinjoji sun yi masa abin da ya fi haka. Leɓensa ya fashe.

Mai dogon Turancin nan da za ta gani da ta yi murna. Ba ta yi gaskiya ba duk da haka. Wanda ya kore ni yau, a cikin damben yake.

Alhamis, da safe

Fatar Baba ta fara yin ja a ƙugu. Yaya ba ya juya shi yadda ya kamata. Na nuna wa Maman 'yan biyu, ta shiga ta shafa masa magani, ta fito ta ce min "an shafa". Kalma biyu. An samu ci gaba.

Juma'a, da rana

Edita ya kira da magana biyu. Ta farko, Yaya ya same shi har ofis, don haka idan ina so zai sauke rubutun, ko kuma ya yanke wancan sakin layin kawai, ba wanda zai lura. Ta biyu, idan ba na so, to rubutun ya fi komai tafiya a shafin, in yi masa kashi na biyu, kuma wani gidan rediyo na son a haɗa ni muhawara da wani mai koya wa matasa yadda ake zama namijin duniya.

Na ce masa ba na cirewa, ba na yankewa, ba na ƙarawa, ba na zuwa rediyo. Abu ɗaya nake so, ya mayar min da kan maganata. Dambe bai mayar da ni namiji ba. Ina namiji na shiga siton nan, namijin da ya gaji. Ya ce zai rage masu dannawa. Na ce su ragu. Ya ce tun a maɗaba'a haka nake, a kan waƙafi ɗaya sai in tsayar da inji.

Ya mayar.

Asabar, da hantsi

Zakin Maza ya dawo, ya ce na canza kan magana don tsoro. Har yanzu bai iya rubutu ba.

Litinin, da yamma

Edita ya turo min wani saƙo da ba a sa a ƙarƙashin rubutun ba, gare shi aka aiko aka ce a ba ni. Wata mata ce, ba ta faɗi sunanta ba. Ta ce mijinta ma aikinsa ya tafi, shi ma ya yi ta cewa lafiya lau, shi ma ya hau wani wuri. Shi bai sauko ba. Ta ce ta karanta wancan sakin layin har ta haddace, domin shi ne kaɗai wurin da wani ya faɗa mata abin da ke cikin kan mutum a wannan lokacin. Ba ta ce komai a kan dambe ba, ba ta ce komai a kan maza ba. Tambaya ɗaya ta yi: me ya sauko da ni?

Na daɗe da wayar a hannu. Na so in rubuta mata wani abu mai kyau, irin wanda za ta iya riƙewa. Amma ba zan yi wa wannan matar ado ba. Na rubuta mata abin da ya faru, na kuma ce mata ba don na fi mijinta ƙarfi ba ne, ba kuma don an fi sona ba.

Duk wanda ya sake ce min in cire, wannan matar zan tuna, in ce masa a'a da babbar murya.

Laraba, da safe

Hannuwana sun rasa abin yi. Ba buhu, ba Baba. Na wanke tagogi duka, har na maƙwabta na so in wanke.

Alhamis, bayan la'asar

Ta dawo da wuri. Ina kicin ina yanka albasa, ta tsaya a bayana da kayan aikinta a jiki, ta ce in ajiye wuƙar, tana da magana.

Ta ce wata abokiyar aikinta ce ta miƙa mata waya a gaban marasa lafiya, ta ce kamar mijinki. Ta ce zagin bai dame ta ba, a ce mata ita ke ciyar da gida bai dame ta ba, gaskiya ce. Ta ce ta zauna ta yi ta lissafi har ta gano ranar. Ranar ce na dawo ba tare da burodin da ta aike ni ba, ta yi min faɗa tun daga ƙofa har ɗaki, ni kuma na ce ta yi haƙuri na manta, na ci abinci, na kwanta.

"Na yi maka faɗa a kan burodi," ta ce. "Ni da aikina shi ne in kalli fuskar mutum in san ba shi da lafiya. Kuma sai a waya zan ji, tare da duk wani ɗan iska mai intanet."

Na ce na kasa faɗa mata ne. Ta ce ta sani, ba ta tambaye ni dalili ba. Sannan ta yi min tambayar da matar nan ta yi. Na san amsar da take so. Na ce mata ina tsaye a wurin sai na tuna ban juya Baba ba tun safe, idan ya kai yamma a ɓari ɗaya zai yi gyambo.

"Ba ni ba," ta ce. "Ba yaran ba."

Na ce ba zan yi mata ƙarya ba, a lokacin gani nake ita da yaran za su fi samun sauƙi ba ni. Ta ɗauki albasar da na yanka ta watsa min a ƙirji. Ta zauna a kan buhun shinkafa ta yi kuka, ni ma na zauna a ƙasa. Mun daɗe. Tukunya ta ƙone.

Da ta share ido ta ce kada in kuskura in cire, ta riga ta sha kunyar, ba za ta sha ta a banza ba. Amma akwai likitan da zan gani a asibitinsu, ta riga ta karɓa min rana, kuma ba shawarata take nema ba. Na ce ina da buhu. Ta ce buhu bai yi karatu ba.

Juma'a, da safe

Ɗakin yara ya daina iska, ta dawo namu.

Litinin, da rana

Na ga likitan. Yaro ne, amma ya iya shiru. Bai ce in daina dambe ba. Zan koma.

Daga can na wuce sito. Cikin sababbin nan mutum biyu sun rage, wani mai walda da wani malamin makaranta mai tumbi. Ba sa magana da kowa, tsallensu kawai suke. Malamin ya kalle ni ya ɗan ɗaga kai, ni ma na ɗaga masa. Leɓen Direba ya warke. Ya ce yana jirana, kuma wannan karon ba zai tausaya wa tsufana ba.

Talata, da yamma

Yaya ya kira ya ce kaya sun iso masa, ba zai samu zuwa ba yau, in san yadda zan yi. Muryarsa duk ta gaji. Bai ambaci rubutun ba.

Ban san yadda zan yi ba. Na dafa ruwan, na surka, na ajiye a bakin ƙofar Baba, na zauna a tsakar gida.

Talata, bayan magariba

Ya kira ni. Ba da suna ba, gefen gado ya daka, kamar yadda ya saba. Na shiga na tsaya. Ya ce ban da hankali, kuma bai yafe maganar kunzugun ba. Na ce na ji. Ya ce ruwan fa, sai ya huce?

Na ɗaga shi. Ya rame a 'yan kwanakin nan, na ji a hannuna. Jan ƙugun ya ragu amma bai tafi ba. Na zaunar da shi a kujerar roba, na fara daga wuya, na tare masa kunne da tafin hannu. Bai ture ni ba. Ina cikin cuɗa masa baya, ba na ganin fuskarsa, sai ya yi magana. Ban gane ba da farko, na sunkuya na ce Baba ku sake faɗa.

Tambayata yake ko benen yana da tsawo. Na ce yana da tsawo.

Na ɗauka ya gama. Na ɗebi ruwa na zuba masa a kafaɗa.

"Ni a bakin gada na tsaya," ya ce. "Shekarar da motata ta ƙone. Kana goye."

Soson yana hannuna, kumfa tana bin gwiwar hannuna tana ɗiga. Na jira ko zai ƙara. Ya ce in yi sauri, sanyi yake ji.

Na ɗauraye shi, na goge shi, na shafa masa mai, na sa masa kunzugu mai tsabta, na kwantar da shi a ɓarin da bai yi ja ba. Da zan fita ya riƙe min wuyan hannu da hannunsa mai lafiya. Har yanzu akwai ƙarfi a hannun nan. Ya ce idan na kai wa jarida wannan maganar sai ya tashi daga gadon nan ya karya ni.

Na ce masa wannan ba na masu karatu ba ne.